Tarihin Awon Hawan Jini a Jikin Matasa Masu Ƙiba

Mai karatu, idan ka tambayi dattawa za su ce maka hawan jini ciwon tsufa ne. Likitoci ma sun daɗe a kan wannan zato, kuma sai da aka yi shekaru ana bincike kafin su sauka daga kansa.

A 1896 wani likitan Italiya, Riva-Rocci, ya fito da na'urar awo mai ɗamarar da ake naɗawa a dantse a hura mata iska. Ba a jima ba, a 1901, wani likitan Jamus mai suna Recklinghausen ya nuna cewa siririyar ɗamara tana ba da lamba sama da gaskiya, ya faɗaɗa ta. Tun daga nan aka san girman dantse yana taɓa sakamakon awo. A 1905 Korotkoff na Rasha ya ƙara dabarar sauraron bugun jijiya. Amma duk wannan manya aka fi yi wa. Ba kasafai ake auna yara ba.

Sauyin ya zo a farkon shekarun 1970, lokacin da likitan zuciya Gerald Berenson ya fara auna 'yan makaranta a garin Bogalusa na jihar Luwiziyana a Amurka, ya ci gaba da bibiyarsu har suka girma. Ya ga cewa yaron da awonsa ya fi na tsaransa yakan ɗore a haka har ya manyanta, kuma masu ƙiba sun fi yawa a cikin irin waɗannan yara. Da aka binciki gawarwakin matasan da suka mutu a haɗari, sai aka tarar kitse ya riga ya fara kwanciya a jijiyoyin jininsu.

A 1977 Amurka ta fitar da jadawalin farko na awon yara bisa shekaru da jinsi. A 1996 aka shigar da tsawo, domin dogon yaro awonsa kan ɗara na gajere ba tare da wata cuta ba. Sai dai akwai tsutsa a cikin goron: an haɗa da yara masu ƙiba wajen lissafin abin da aka kira daidai, iyakar ta ɗaga, wasu marasa lafiya suka ɓuya a ƙarƙashinta. A 2017 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta cire su daga lissafin, ta kuma tsayar da cewa daga shekara 13, awon da ya riƙa kai 130/80 hawan jini ne. A lokacin ƙiba ta riga ta yaɗu: alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna masu ita 'yan shekara 5 zuwa 19 sun tashi daga miliyan 11 a 1975 zuwa miliyan 124 a 2016.

A wurinmu ana kallon ƙiba alamar hutu da wadata. A ɗakin magani nakan haɗu da 'yan mata masu neman ƙwayar dexamethasone don su yi jiki, alhali tana iya sa jini ya hau. Ko ba ita, kitse mai yawa yana ƙara wa zuciya da ƙoda aiki.

Don haka idan ɗanka ko 'yarka ta yi nauyi, kai ta asibiti a auna ta, ka kuma roƙi a yi amfani da ɗamarar da ta yi daidai da dantsenta. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita a ranaku dabam-dabam. Kada ka sayo maganin hawan jini da kanka. Sau da yawa likita zai fara ne da rage gishiri da lemon kwalba, da motsa jiki, kuma idan nauyi ya sauka awon yakan biyo shi.