Fina-finan Barkwanci na Wasannin Jami'a

Wannan nau'in fim ya yi ƙarfi ne a Amurka, inda dubban 'yan kallo ke cika filayen ƙwallon jami'o'i. Misalinsa The Waterboy na 1998, inda Adam Sandler ya fito a matsayin mai kai wa 'yan wasa ruwa. Kannywood ba ta rungumi wannan nau'in ba, domin mai shirya fim masu kallonsa yake bi. Camamar marigayi Rabilu Musa Ibro ƙauye da kasuwa ta riƙa. Wani zai ce ai akwai gasar jami'o'i ta NUGA tun 1966. Haka ne, amma a Dutsi da Daura gwarzon da yara suka sani shi ne ɗan damben da ke shiga fili da kaka, hannunsa ɗaure da kara, makaɗa na kirarinsa.