Tarihin Q = CV, daga wata kwalba zuwa dam ɗin Kainji

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan ajin farko da fiziks ke hana ku barci a wannan zangon, ku ɗan ba ni aron hankalinku. Duk lokacin da na zauna yi wa ƙannenmu na nan Kontagora bita, wuri ɗaya suke tuntuɓe: sun haddace Q = CV tsaf, amma in ka ce su bambance caji da boltej sai ido ya raina fata. Ni ban ga laifinsu ba, domin masanan da suka gano abin ma sun yi kusan shekara 40 kafin su raba biyun.

A 1745 wani malamin coci a ƙasar Jamus, Ewald von Kleist, ya cusa ƙusa cikin kwalba ya ɗura mata lantarki, da ya taɓa sai ta fizge shi. Bayan 'yan watanni Pieter van Musschenbroek na jami'ar Laiden a Holan ya yi irin haka da kwalbar ruwa, ya sha jan da ya sa ya rubuta wa abokinsa cewa ko masarautar Faransa za a ba shi ba zai sake ba. Wannan kwalba ita ce kafasita ta farko. Nan da nan ta zama abin kallo: a 1746 Nollet ya jera dogaran sarkin Faransa 180 riƙe da hannun juna, ya sake musu ita, suka zabura gaba ɗaya.

To amma me ke cikin kwalbar? Yawancinsu sun ɗauka a ruwan lantarkin yake kwance. Benjamin Franklin na Amurka ne ya nuna ruwan hanya ce kawai, sirrin na ga gilashin da ya raba ciki da waje: caji mai "ƙari" a gefe ɗaya, mai "ragi" a ɗayan, daidai wa daida. Shi ya fara kiran jerin kwalaben da "batir". Sai wajen 1782 Alessandro Volta ɗan Italiya ya fito da maganar a fili, cewa yawan cajin ya danganta da abu biyu daban, girman mazubin da kuma matsin da aka tura shi da shi. Ya kira na'urarsa kwandensa, sunan da har gobe za ka ji a bakin tsofaffin masu gyaran rediyo. A 1837 Faraday ya auna yadda abin da ke tsakanin farantan biyu ke ƙara C, wato K ɗin nan da ke cinye muku maki. A taron Faris na 1881 aka tabbatar da sunayen bolt da farad.

Mu 'yan jihar Neja ba mu da uzurin rashin gane V, don ga ta nan a Kainji. An gina dam ɗin daga 1964 zuwa 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Bussa, aka tashi dubban mutane zuwa sabon mazauni. Duk wannan don a ɗaga ruwan Kwara sama ne. Yawan ruwan tafkin shi ne Q. Tazarar da ke tsakanin saman ruwan da inda zai faɗa ita ce V, shi ya sa kullum tsakanin wuri biyu ake auna ta. Faɗin tafkin kuma C: tafki mai faɗi yana shan ruwa da yawa kafin ya ɗago da taku ɗaya. Haɗa kafasita biyu kafaɗa da kafaɗa kamar haɗa tafki biyu ne, tsayin ruwa ɗaya, faɗi ya ƙaru, sai ka tara C kawai. In kuma bi da bi aka jera su, Q ce ɗaya, V ake rabawa.

Injinan Kainji takwas an kafa su ne a kan megawat 760, ana kuma tura wutar a bolt 330,000. Me ya sa? Yi lissafin sama-sama: a bolt 230 na gidajenmu za a buƙaci amfiya sama da miliyan 3, a 330,000 kuwa wajen 2,300. Asarar waya tana tafiya da I sau I, don haka ninka boltej sau 10 yana rage ta sau 100. Ga Jebba a 1985, Shiroro a 1990, ga Zungeru kwanan nan. Yadda aka yi muke karatu da fitilar waya alhali dam huɗu na kewaye da mu, wannan ba tambayar fiziks ba ce, mu bar ta zuwa wata rana.

Jikar kwalbar Laiden tana saman kanku yanzu haka. Kafasitar fankar silin yawanci maikurofarad 2.5 ce. A ce an caje ta zuwa bolt 230: Q ta zama maikurokulom 575, makamashin kuma, rabin CV², wajen jul 0.066. In ta yi rauni sai fanka ta riƙa gurnani tana jiran a tura ta da sanda. Ta cikin inbata ko tsohuwar talabijin kuwa tana riƙe caji bayan an cire waya daga soket, don Allah kada wani ya sa mata yatsa da sunan gwaji.