Ƙiba da Mura: Yadda Annobar 2009 Ta Sauya Tunanin Likitoci

Tun daga annobar murar 1918, wadda ta hallaka mutane kimanin miliyan 50 a duniya, likitoci sun san waɗanda mura ta fi yi wa illa: tsofaffi, ƙananan yara, mata masu juna biyu, da masu ciwon huhu ko na zuciya. Kusan shekara 90 aka yi ba a sanya masu ƙiba a cikin wannan jerin ba. An ɗauki kitse a matsayin rumbun da jiki ke tara rarar abinci kawai, wanda ba ruwansa da garkuwar jiki.

Alamu sun daɗe da fara bayyana. A 1985 wani bincike a Amurka ya nuna cewa allurar riga-kafin ciwon hanta nau'in B ba ta cika kamawa a jikin masu ƙiba ba. A 1993 Gökhan Hotamisligil da abokan aikinsa suka gano cewa kitse yana fitar da sinadarin da ke haddasa kumburi a cikin jiki, a 1994 kuma Jeffrey Friedman ya gano sinadarin leftin, wanda kitse ke samarwa. Daga baya aka fahimci cewa leftin yana da tasiri a kan ƙwayoyin garkuwar jiki. A 2007 ɗakin binciken Melinda Beck na Jami'ar Karolina ta Arewa ya sanya wa ɓeraye cutar mura, sai waɗanda aka ƙiwata suka yi ƙiba suka mutu fiye da sirara nesa ba kusa ba. Sai dai ɓera daban, mutum daban, don haka sakamakon bai sauya aikin asibiti ba.

A watan Afrilun 2009 wata sabuwar mura, H1N1, ta ɓulla a Meziko da Kalifoniya, ranar 11 ga Yuni kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya. A watan Yuli aka wallafa rahoton majinyata 10 da ke kwance a sashen kulawa ta musamman a wani asibitin jihar Mishigan. Tara daga cikinsu masu ƙiba ne, bakwai kuma ƙibarsu ta yi tsanani. Ma'aunin da aka yi amfani da shi shi ne BMI, wato a raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita da aka ninka da kansa. Wanda ya kai 30 mai ƙiba ne, wanda ya kai 40 ƙibarsa ta tsananta. Rahotanni daga Kalifoniya da wasu ƙasashe suka tabbatar da wannan, a 2010 kuma hukumomin lafiya na Amurka suka sanya masu tsananin ƙiba cikin waɗanda mura ta fi yi wa haɗari.

Daga nan aka koma kan riga-kafi. A 2012 ɗakin binciken Beck ya nuna cewa jinin masu ƙiba yana ƙera sinadaran kariya bayan allura kamar na kowa, amma cikin shekara guda sukan ragu da sauri, ƙwayoyin T kuma, waɗanda ke kashe ƙwayoyin jiki da cuta ta shiga, ba su da kuzari. A 2017 aka bibiyi mutane fiye da 1,000 da aka yi wa allurar, aka tarar masu ƙiba sun ninka sirara wajen kamuwa da mura ko ciwo mai kama da ita. A 2018 wani bincike a Managuwa, babban birnin Nikaragwa, ya nuna cewa manya masu ƙiba da suka kamu da mura nau'in A sun fi daɗewa suna fitar da ƙwayar cutar da kashi 42 cikin 100.

Tambayar da ta biyo baya ita ce ko rage ƙiba zai maido da garkuwar da ta raunana. A nan ne tarihin tiyata ya haɗu da na mura. An fara tiyatar rage ƙiba a Minesota a shekarun 1950 ta hanyar gajarta hanji, wadda ta jawo ciwon hanta da ƙarancin sinadaran gina jiki har aka yi watsi da ita. A 1966 Edward Mason ya fara rage girman ciki a Ayowa, a 1991 Cibiyoyin Lafiya na Amurka suka tsara sharuɗɗan wanda ya cancanci aikin, a 1994 kuma aka fara yin sa ta ƙananan huji ba tare da tsaga cikin gaba ɗaya ba. An lura cewa alamun kumburi a cikin jini suna raguwa bayan tiyatar, a 2011 kuma masu bincike a Barazil suka nuna cewa ƙwayoyin NK, dakarun farko da ke tarbar cuta, sun farfaɗo wata shida bayan aikin.

Duk da haka, binciken ɓeraye ya gindaya sharaɗi. A 2019 aka ga cewa ɓerayen da suka kamu da mura suna da ƙiba, daga baya suka rame, ƙwayoyin T ɗinsu ba su dawo daidai ba. A 2024 masu bincike a asibitin St. Jude da ke Memfis suka nuna cewa ɓerayen da suka rame kafin a yi musu riga-kafi sun sami kariya, waɗanda suka rame bayan allurar kuwa ba su samu ba. Ke nan yanayin da jiki yake ciki ranar da ya fara haɗuwa da cuta ko riga-kafi yana barin tabo a kan garkuwarsa. Ita ma tiyatar tana da nata nauyin, domin takan jawo ƙarancin sinadarin ƙarfe da bitamin B12, waɗanda garkuwar jiki ke buƙata. Saboda haka likitoci ke ba masu tsananin ƙiba shawarar yin riga-kafin mura kowace shekara, da hanzarta shan maganin cutar da zarar alamunta sun bayyana, ko an yi musu tiyata ko ba a yi ba.