Takobin Hauni Da Igiyar Gwamna: Wa Ake Kashewa, Wa Ake Yafewa?

Yau zan ɗan ajiye labarin soyayya a gefe mu taɓa tarihi, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya zauna a majalisa a Kuyello, ko wani gari na gabashin Birnin Gwari, in dai zancen ɓarayin daji ya taso, sai ya ji wani ya ce, "Duk wanda aka kama a kashe shi kawai!" Ni ban ga laifin mai faɗin haka ba. Mutumin da ya binne ɗan'uwansa, ya sayar da gonar gado ya biya kuɗin fansa, ai ba ka hana shi ɗacin baki ba. Ƙasar nan ba ta manta da Dogon Dawa ba, inda a watan Oktoba na 2012 aka kashe mutum sama da 20, ba ta kuma manta da Gwaska ba, inda a watan Mayu na 2018 aka kashe sama da 40.

Mu ma marubuta mun saba da haka. In littafi ya zo ƙarshe sai mu kai mugu gaban alƙali, cikin shafi biyu a yanke masa rataya, mai karatu ya yi ajiyar zuciya. To amma a zahiri, a kan wa wannan hukunci ya saba faɗawa, kuma ta wace hanya? Sai mu tambayi tarihi.

A masarautunmu na da, shari'ar jini babba ce, majalisar sarki ake kai ta, kuma akwai mai aikin zartar da hukuncin, shi ne hauni. A fiƙihun Malikiyya da ake bi, wanda aka kashe wa ɗan'uwa da gangan yana da ta cewa: ko ya nemi ƙisasi, ko a daidaita a kan diyya, ko ya yafe. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da Turawa suka ci ƙasa sai suka bar wa manyan kotunan sarakuna ikon yanke hukuncin kisa, amma ba a zartarwa sai da amincewar Gwamna. Daga nan aka shiga zaman doka biyu a ƙasa ɗaya. A 1947 aka yi shari'ar wani mutum mai suna Tsofo Gubba, wanda kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa kisa. Da aka ɗaukaka ƙara, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta ce a dokar Bature wanda aka tunzura ya yi kisa ba a kashe shi, ta rushe hukuncin. Wato ran mutum ya koma rataye a kan wace kotu aka fara kai shi. Irin wannan ruɗani yana cikin abin da ya sa gwamnatin Sardauna ta kawo dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960.

Bayan yaƙin basasa bindigogi suka bazu, fashi ya yi yawa. A 1970 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar soja da ta ce ɗan fashi da makami hukuncinsa kisa ne, aka kafa kotuna na musamman, aka fara harbe mutane a bainar jama'a. A ɗaure su a turke, a jera duromomi a bayansu, jama'a su cika fili kamar ranar hawan Sallah. An harbe Ishola Oyenusi a bakin teku a Legas a 1971, aka ce fashi ya ƙare. Bayan shekara 16, a 1987, aka harbe Lawrence Anini a Benin, har da wani jami'in 'yan sanda, George Iyamu, da aka samu yana ɗaure masa gindi. Shekara da shekaru ana harbi, amma ga shi mu da muke bakin dajin Kamuku mun ga fashin da su Anini ba su taɓa mafarkinsa ba.

A cikin wannan gaggawa an yi abubuwan da har gobe ba su gyaruwa. A jihar Oyo an yanke wa wani mai suna Nasiru Bello kisa kan fashi, ya ɗaukaka ƙara, amma a 1981 aka kashe shi tun ba a saurari ƙarar ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce gwamnati ta karya doka, a biya iyalinsa. An biya kuɗi, mamaci kuwa yana kabari. A 1985 kuma, zamanin Janar Buhari, aka harbe mutum uku a Legas kan hodar ibilis, da dokar da aka kafa bayan sun riga sun aikata laifin.

Bari mu dawo gida. Bayan jihohin Arewa sun faɗaɗa aikin shari'ar Musulunci daga 2000, wanda aka fara zartar wa hukuncin kisa shi ne Sani Yakubu Rodi. Kotun shari'a a Katsina ta same shi da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu, aka yanke hukunci a watan Nuwamba na 2001, aka rataye shi a kurkukun Kaduna ran 3 ga Janairu, 2002. Laifin da aka tuhume shi da shi mummuna ne ƙwarai, jinin uwa da yara ba abin wasa ba ne. Amma tun daga farko har ƙarshe ba shi da lauya, bai kuma ɗaukaka ƙara ba. Tsakanin hukunci da igiya ko wata biyu ba a cika ba.

Ku gwada da Safiya Husaini ta Tungar Tudu, wadda kotun Gwadabawa ta yanke wa jifa a 2001, da Amina Lawal ta Kurami, nan kusa da mu, wadda kotun Bakori ta yanke wa irin wannan hukunci a 2002. Su sun samu lauyoyi, sun ɗaukaka ƙara. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta sallami Safiya a watan Maris na 2002, ta Katsina kuma ta sallami Amina a watan Satumba na 2003. Malamai alƙalai ne suka duba, da littattafan fiƙihu a gabansu, suka ce ƙananan kotuna sun yi kuskure. Da matan nan ba su samu mai tsaya masu ba fa? Jama'a, ashe wani lokaci abin da ke tsakanin mutum da kabari shi ne ko yana da wanda zai rubuta masa takarda.

Yau kuma wani sabon salo ake ciki. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya yarda da hukuncin kisa, kotuna suna ta yankewa, Katsina a 2019 da Zamfara a 2022 sun sa kisa a kan satar mutane. Amma sai gwamna ya sa hannu ake rataya, gwamnoni kuwa sun janye hannunsu. Ratayar ƙarshe da aka sani ita ce ta mutum uku a jihar Edo a watan Disamba na 2016. Sama da mutum 3,000 suna kurkuku suna jira, ba a kashe su ba, ba a kuma sake su ba. Da jama'a suka ga haka, sai hukuncin ya koma daji da bakin kasuwa. A nuna mutum a ce ɗan leƙen asirin ɓarayi ne, ko a kama makiyayi don kawai Bafulatani ne, kafin a ce kwabo an gama da shi, babu shaida, babu alƙali. 'Yan'uwansa su ɗauko fansa a kan ƙauyen da bai ji ba bai gani ba. Wannan ma hukuncin kisa ne, kuma shi ya fi cin rayuka a ƙasarmu.

Sai kuma ga sulhu. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari ya karɓi tubabbun 'yan bindiga, aka buɗe kasuwar kara da ta yi shekaru a rufe. Duk wanda ya kwana a daji da 'ya'yansa ya san darajar zaman lafiya, ni ma ina murna da duk ranar da manomi ya je gona ya dawo. Amma ku tuna abin da na ce ku riƙe. Malaman Malikiyya sun ce ɗan fashin da ya tuba tun ba a kama shi ba, haddin fashi yana faɗuwa daga kansa, amma haƙƙin mutane, na jini da na dukiya, yana nan sai masu shi sun yafe. Hukuma tana iya yafe nata, ba ta da ikon yafe na marainiya. To wa ya tambayi matan Gwaska? Yaron da ya yi ƙwace da bindigar gida yana kurkuku yana jiran igiya, wanda ya tara ɗaruruwan mayaƙa kuwa ana shimfiɗa masa darduma a zauna a tattauna.

Ni dai ban ce a soke hukuncin kisa ba, ƙisasi yana da gurbinsa a addininmu. Abin da tarihin nan ya nuna mani shi ne, hukuncin da ba a iya warwarewa bai kamata a ba shi ga hanyar da ta saba kuskure ba. Kafin a taɓa ran kowa, a ba shi lauya ko da kuɗin gwamnati ne, a kai ƙararsa har kotun ƙarshe, a hana kisan kan titi ko wane ne aka kama. In kuma sulhu za a yi, a kira magada su zauna a gaba, a rubuta sunan kowane mamaci, a yi maganar diyya, wanda ya ga zai yafe ya yafe da bakinsa. Ramin da aka rufe da ciyawa, wata rana sai ya ci ƙafar wani.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu.