Tsofaffin Kawunan Jirgin Ƙasa: Tarihin Kamfanin Wisconsin Central da Abin da Ya Biyo Baya

Gabatarwa

Kan jirgin ƙasa shi ne injin da ke jan taragu, kuma ya fi duk wani abu da ke gudana a kan layin dogo tsada. Saboda haka da wuya ƙaramin kamfanin jigilar kaya, wanda aikinsa bai wuce yanki guda ba, ya iya sayen sabo fil. Yakan koma ga na hannu, wato waɗanda manyan kamfanoni suka jingine. Wannan maƙala ta bi tarihin kamfanin Wisconsin Central na Amurka, wanda ya ginu a kan tsofaffin kawuna masu shan man dizal, domin a ga sharuɗɗan da suka sa dabarar ta yi nasara, da kuma abin da ya faru inda aka yi sakaci da su.

Yadda kasuwar ta samu

A shekarar 1980 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar Staggers, wadda ta sassauta ikon gwamnati a kan harkar jiragen ƙasa. Daga nan manyan kamfanoni suka samu sauƙin sayar da layukan da ba sa kawo musu riba sosai, sai ƙananan kamfanoni suka yi ta ɓullowa suna saye. A 1985 kamfanin Soo Line ya sayi Milwaukee Road da ya durƙushe, ya wayi gari da layukan da suka fi ƙarfin buƙatarsa. Ya ware waɗanda ke jihar Wisconsin da arewacin Michigan, fiye da kilomita 3,000, ya sa su a kasuwa. Wasu masu zuba jari ƙarƙashin jagorancin Edward Burkhardt suka saya, kuma ranar 11 ga Oktoba, 1987 kamfanin Wisconsin Central ya fara aiki. Babban cinikinsa shi ne kai wa masana'antun takarda itace da sauran kayan aiki, da kwaso takardar da suka sarrafa.

Injin da manya suka guda

Abin da sabon kamfanin ya dogara da shi wajen jan kaya masu nauyi shi ne samfurin SD45. Sashen Electro-Motive na kamfanin General Motors ya ƙera guda 1,260 tsakanin 1965 da 1971. Kowanne yana da silinda 20 da ƙarfin doki 3,600, yayin da ɗan'uwansa SD40 yake da silinda 16 da ƙarfin doki 3,000. Sai dai tsawon injin ya zo da illa: a shekarun farko, doguwar sandar ƙarfen da fistin ke juyawa ta riƙa karyewa, har sai da aka ƙarfafa gangar injin. Ga shi kuma an shaide shi da shan mai, abin da ya zama babban aibi bayan tashin farashin mai na 1973. Manyan kamfanoni suka karkata ga SD40-2 da ya fito a 1972, kuma zuwa shekarun 1980 suka shiga sallamar SD45 da araha.

Wisconsin Central ya fara da gommai daga cikin waɗanda Burlington Northern ya ajiye, daga baya ya ƙara da na kamfanin Santa Fe, har suka kai kimanin ɗari. Dalilai uku ne suka sa abin da wasu suka yar ya yi masa rana. Na farko, kamfanin da ya fara aiki da bashi ya fi jin nauyin kuɗin saye fiye da na mai, domin kuɗin mai ana biyan sa ne a hankali daga cinikin yau da gobe. Na biyu, injin SD45 ɗan gidan samfurin 645 ne, wanda dubban kawuna suke amfani da shi, saboda haka kayan gyara ba su yi wuya ba, makanikai kuma sun san shi ciki da bai. Na uku, kamfanin yana da babban garejinsa a North Fond du Lac, inda ake kwance injin a sabunta shi. Akwai kuma sharaɗin da ba a cika lura da shi ba: faɗin layin dogo ɗaya ne a kusan ko'ina a Amurka da Kanada, wato milimita 1,435. Irin waɗannan kawuna ba za su hau tsohon layin Legas zuwa Kano mai milimita 1,067 ba, balle na Douala zuwa Ngaoundéré mai mita ɗaya.

Inda aka sayi sababbi

A 1996 Wisconsin Central da abokan hulɗarsa suka sayi mafi yawan harkar jigilar kaya ta jiragen ƙasan Birtaniya, suka kafa kamfanin EWS. A can Burkhardt ya tarar da tsofaffin kawuna iri daban-daban, masu yawan lalacewa da tsadar gyara. Na hannu daga Amurka kuwa sun fi ƙarfin gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa na Birtaniya saboda girman jikinsu. Sai ya ba da odar sababbi guda 250, waɗanda ake kira Class 66, na farkonsu ya iso a 1998. An sauke Burkhardt daga shugabanci a 1999, sannan a 2001 kamfanin Canadian National ya sayi Wisconsin Central, ya jingine yawancin SD45 cikin 'yan shekaru.

Lac-Mégantic

A 2003 wani kamfanin Burkhardt ya kafa Montreal, Maine and Atlantic, shi ma da kawuna na hannu. A daren 5 ga Yuli, 2013 aka ajiye jirgin kamfanin mai ɗauke da tankunan ɗanyen mai 72 a Nantes da ke lardin Kebek na Kanada, a kan gangara, babu mai gadi. An bar injin kan gaba a kunne domin ya ci gaba da ba birki iska. Wuta ta tashi a jikinsa, 'yan kwana-kwana suka kashe ta, suka kuma kashe injin. Iska ta tsiyaye sannu a hankali, birkunan hannu bakwai da aka ɗaura kuwa ba su isa riƙe nauyin ba. Da tsakar daren wayewar 6 ga Yuli jirgin ya gangara kimanin kilomita 11, ya kauce daga layi a tsakiyar garin Lac-Mégantic, ya kama da wuta. Mutum 47 suka rasu.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Kanada ta lissafa dalilai 18 a rahotonta na 2014. Daga cikinsu akwai gyaran da aka yi wa injin, samfurin C30-7 na General Electric, a watan Oktoba na 2012. Domin a gaggauta mayar da shi bakin aiki, an liƙe ɓarnar da wani irin danƙo mai daskarewa maimakon gyaran ƙa'ida. Liƙin ya gaza, mai ya taru inda bai kamata ba, daga nan wutar ta samo asali. Wata guda bayan haɗarin, kamfanin ya bayyana cewa ya karye.

Kammalawa

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma tarihin SD45 a Wisconsin ya gaskata haka. Amma rangwamen da aka samu ranar saye bashi ne da ake biya a gareji. Kafin ƙaramin kamfani ya ɗauki tsohon kai, wajibi ne ya tabbatar ya dace da layinsa, kayan gyaransa suna samuwa, akwai makanikan da suka san shi, akwai kuma kuɗi da lokacin da za a tsayar da shi a yi masa cikakken gyara. Wisconsin Central ya cika waɗannan sharuɗɗa, ya yi shekara 14 yana jigila da injinan da wasu suka fid da rai da su. A Lac-Mégantic an tsallake sharaɗin ƙarshe, kuma mutanen garin ne suka ɗauki asarar.