Murhun Chorkor da Tarihin Bandar Kifi

Duk wanda ya san Baga a bakin Tafkin Chadi ya san banda: kifin da ake yanyankawa a busar da hayaƙi, a ɗura a kwali a kai har Anacha da Legas. Sana'a ce daɗaɗɗiya, kuma asararta ma ta daɗe. Wuta kan ƙona wani kifin, ƙuda ya yi ƙwai a kan wanda bai bushe ba, ƙwaro ya cinye na ajiya.

A ganina, babban sauyi ya zo ne daga Gana a 1969. A unguwar masunta ta Chorkor da ke Akara, masana daga Cibiyar Binciken Abinci ta ƙasar da hukumar abinci da aikin gona ta duniya (FAO) suka haɗa kai da matan da ke banda. Suka ƙera murhun laka mai kusurwa huɗu, ana jera ragar waya mai gefen katako a kansa, ɗaya bisa ɗaya. Hayaƙi ya daina tserewa, itace ya yi auki, kifi mai yawa ya gasu a lokaci guda. Murhun ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama.

Daga baya bincike ya nuna hayaƙin da ke taɓa kifi kai tsaye yana bar masa sinadarai masu iya jawo ciwon daji. Shi ya sa aka fito da murhun FTT a Thiaroye ta Senegal, wanda ke hana kitse ɗiga cikin wuta, yana kuma tace hayaƙi.

Ina so in ga irin wannan murhu a hannun masu banda na Baga da Yawuri, domin lafiyar mai ci da ribar mai sayarwa.