Duma, Kaba da Karan Dawa: Tarihin Adon Kaka a Ƙasar Zuru

Duk shekara idan watan Nuwamba ya kama, shafukan intanet kan cika da hotunan teburan cin abinci na Amurkawa, an ƙawata su da busasshiyar masara da ganyaye da 'yan ƙananan kabewa, domin bikinsu na godiyar kaka. Bara wata ƙanwata ta turo mini irin wannan hoto tana tambayar inda za ta sami kayan a Abuja. Na daɗe ina kallonsa, daga baya dariya ta kama ni, domin rabin abin da ke kan teburin a bayan ɗakin kakarmu yake tsirowa a Zuru, ba tare da kowa ya ba shi ruwa ba. Wannan ne ya sa na koma bin tarihin yadda mutanen ƙasarmu suke ƙawata gida da akushi idan amfanin gona ya shigo, da kuma dalilin da ya sa sana'ar take neman kuɓuce mana.

Ƙasa da mutanenta

Masarautar Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ta ƙunshi ƙananan hukumomi 4: Zuru, Fakai, Sakaba da Danko/Wasagu. Ƙasa ce ta duwatsu da ruwan sama mai yawa idan aka kwatanta da arewacin jihar, saboda haka dawa da masara da doya suke yi sosai. Mafi yawan mazaunanta su ne waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, su kuwa suna kiran kansu Lelna, harshensu C'lela. Akwai kuma Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani. Ana cewa sunan Dakarkari ya samo asali ne daga "dakaru", wato mayaƙan ƙasa na Kanta, Sarkin Kabi na ƙarni na 16. Ko ma yaya ne, sunan ya bi su, domin har gobe Zuru ta shahara da ba Nijeriya sojoji, cikinsu har da Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999.

A ƙarni na 19, hare-haren neman bayi, musamman daga Kwantagora a zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, sun sa jama'a da dama sun kafa ƙauyuka a kan duwatsu da gindinsu. Mutumin da ke zaune cikin shirin gudu ba ya tara kaya masu nauyi. Dukiyarsa ita ce rumbu, kayan ɗakinsa kuwa abin da gona da daji za su sake ba shi baɗi idan na bana ya ƙone. Daga nan adon ƙasar ya ɗauki kamanninsa: mara nauyi, mai amfani, mai bin zagayowar shekara.

Uhola, ranar da ake fito da komai

Babban bikin kaka na Lelna shi ne Uhola. Biki ne na godiya bayan an gama girbi, kuma a cikinsa ake yaye samarin da suka kammala golmo, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen budurwarsa tare da tsararrakinsa, wanda a al'ada yake ɗaukar damina bakwai kafin a ba shi mata. Ana kokawa, ana rawa, ana ci ana sha daga sabuwar dawa. A zamanin marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya taɓa zama gwamnan soja na Jihar Bauci daga 1984 zuwa 1985, an mayar da Uhola taron masarauta baki ɗaya haɗe da baje kolin amfanin gona.

Hausawan yankin ma suna da nasu. Kalankuwa da dambe da kokawa duk wasannin kaka ne, haka nan yawancin bukukuwan aure sai an cika rumbu ake sa ranarsu. Majami'un Zuru suna yin bikin godiyar girbi, inda ake kai dammunan dawa gaban ikilisiya, ga Kirsimeti kuma yana faɗowa cikin wannan tsakani. Musulmi da Kirista da mai bin al'ada, sau da yawa 'yan gida ɗaya, kowa yana da baƙin da zai ciyar. Mu kuwa ba mu gaji cin abinci a tebur ba. A kan tabarma ake zama, don haka adon bai tsaya ga shimfiɗa ba, ya koma jikin mazubi da marfinsa.

Abin da gona take bari

Na farko shi ne duma. Yana daga cikin tsirrai mafi daɗewa a hannun ɗan Adam; asalinsa Afirka, kuma masu binciken kufai sun tarar da ɓurɓushinsa a nahiyar Amurka na wajen shekara 10,000 da suka wuce. Ana shuka shi da damina, ya bi darni ya hau jinka. Idan kaka ta yi, igiyarsa ta bushe, sai a cire, a fafe, a jiƙa har cikin ya ruɓe, a kankare, a shanya. Aiki ne na makonni, shi ya sa Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Daga duma ɗaya ake samun masaki da ƙwarya da ƙoƙo da ludayi da gora, kowane da aikinsa.

Hanyoyin yi masa ado ba su da yawa, amma suna son haƙuri. Akwai zanen wuta, inda ake ɗora 'yar wuƙa a garwashi a riƙa ja mata layi a jikin ƙwarya. Akwai kankara, inda ake cire fatar waje a bar zanen ya fito fari, ko a shafe shi da baƙin tukunya da mai domin ya shiga cikin tsagar. Akwai rini da karan dafi, wani nau'in dawa da ake nomawa musamman don jan launin da ke kubensa. Idan ƙwaryar ta tsage ba a yar da ita, gyartai ne zai ɗinke ta.

Na biyu kaba ce, ganyen ƙaramar goruba. Da ita ake saƙa tabarma da malfa, da ita ake naɗe ciyawa a yi faifai, ana huda da basilla ana zagayawa daga tsakiya zuwa baki. Faifan rufe abinci shi ne ainihin adon wurin cin abincinmu: uwargida ba ta aika tuwo wajen baƙo a buɗe, kuma daga faifan da aka ɗora ake gane matsayin wanda aka kai wa. Kalmar "lefe" da muke kira wa akwatunan aure a yau, asalinta sunan kwandon kaba ne da ake zuba kayan amarya a ciki.

Na uku karan dawa. Manya suna yin darni da gado da ƙyaure da shi, yara kuwa su ɓare bayansa su soka a cikin totuwar, su ƙera mota da tabarau da keji. A nan yaro yake fara koyon awo da daidaito, tun kafin ya riƙe fensir.

Tukwanen kan kabari

Na huɗu yumɓu ne, kuma da shi duniya ta fi sanin Dakarkari. Mata daga wasu zuri'o'i na musamman suna gina siffofin mutane da dabbobi a kan tukwane, a gasa, a ɗora su a kan kaburburan manyan mutane irin su sarakuna da gwanayen farauta da na kokawa. Jami'in mulkin mallaka P. G. Harris ya yi rubutu a kan al'adun Dakarkari a 1938, sannan Allen Bassing ya wallafa nazari a kan waɗannan tukwane a mujallar African Arts a 1973. Yau da yawansu suna gidajen tarihi da hannun masu tara kayan fasaha a Turai da Amurka, duk da cewa dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Hannun da ya gina tukunyar kabari shi ne ya gina randar tsakar gida. Bambancin kawai shi ne ɗaya ta sami gilashi da fitila a London, ɗayar kuma an maye gurbinta da bokitin roba.

Yadda kwano ya kori ƙwarya

Sauyin bai zo rana ɗaya ba. Da farko galura ce ta shigo, wato rinin kanti da ya samo asali daga gano launin sinadari a Ingila a 1856. Ta ba masu faifai kore da shuɗi da ruwan hoda masu haske, ta kuma rage kasuwar karan dafi. Wannan sauyi ya ƙara wa sana'ar armashi, bai kashe ta ba.

Wanda ya girgiza ta shi ne kwanon fenti. Kamfanonin Turawa sun fara kawo shi a zamanin mulkin mallaka, sannan daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antunsa a Legas da Kano. Jeren ɗakin amarya, wanda da ƙore ne da tasoshi, ya koma kwalla da langa da kumbo an tsara su har rufin ɗaki. Sojan da ya dawo hutu daga bariki da kwano yake yi wa mahaifiyarsa tsaraba. An ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe. To da ta bi kwano sai ta koma madafi da wajen masu fura. Bayan kwano tangaran ya zo, bayansa roba da kular abinci. Kowanne yana da hujjarsa: ba ya fashewa da wuri, ba ya son gyartai, yana riƙe zafi. Ba wanda zai zargi matar da ta zaɓi sauƙi.

Abin da ya fi roba haɗari

Amma roba ba ta taɓa hana kowa shuka duma ba. Bindiga ce ta yi wannan. A watan Yunin 2021 'yan bindiga sun kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko/Wasagu, kamar yadda 'yan sanda suka tabbatar. A watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba. Ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu sun koma cikin garin Zuru da wasu garuruwa.

Mai karatu ya duba abin da wannan ke nufi ga sana'ar hannu. Duma yana bukatar darnin da zai hau da wanda zai zauna har ya nuna. Kaba a daji ake yankowa. Yumɓu yana da ramin da tsofaffi suka sani. Ilimin kuwa ba a rubuce yake ba, a gindin bishiya yake wucewa daga kaka zuwa jika, da yamma bayan an gama sussuka. Idan iyali suka shekara biyar a ɗakin haya, yarinyar da ya kamata ta koyi fara faifai ta wuce shekarun koyo. A ƙarni na 19 mutane sun hau dutse da sana'arsu, domin gonar tana nan a gindinsa. Gudun yanzu yana raba mutum da gonar gaba ɗaya.

Akwai abin da za a iya yi ba sai an jira an gama yaƙi ba. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 tana iya adana irin duma da na karan dafi, ta kuma naɗi bayanan tsofaffin masu zane tun suna raye. Masu shirya Uhola suna iya ba faifai da ƙwarya matsayin da suke ba manyan doya a baje koli. Mu da ke birane kuwa namu ya fi sauƙi: mu saya, mu biya kuɗin kirki ba tare da dogon ciniki ba, mu kuma yi amfani da abin da muka saya maimakon rataye shi a bango.

Ƙanwata dai ba ta sami kayan Amurkawa ba. Na aika mata faifai uku da ƙoƙo shida daga kasuwar Zuru, da damin zangarniyar dawa. Ta ce baƙinta sun yi ta tambayar daga wace ƙasa aka kawo su.